Injin huda kankare mai batir: Bosch, Makita, DeWalt ko Ingco?

Mai Sola Kano: Assalamu alaikum masu sana'a. Shawara nake nema. Aikina haɗa sola, ni da yarana biyu. Yawancin inda ake kiranmu yanzu sababbin unguwanni ne, ko turaku ba a kafa ba balle a yi zancen wuta, don haka duk inda za mu sai mun jiɗi ƙaramin janareta saboda injin huda mai waya kawai. Ga mai, ga jan waya har saman bene. Ina da ƙaramin mai batir wanda nake ɗaura sukuru da shi, yana da alamar guduma a jiki, amma da ya haɗu da dekin sai ihu, ba ya shiga. Ina son in sayi na gaske mai batir. Hujin da na fi yi milimita 8, 10 da 12 ne a dekin da fila don kafa ƙarafan fanel, sai na bulo don rataye inbata. Na zaga Sabon Gari na ga Bosch, Makita, DeWalt, da Ingco da Total masu sauƙin kuɗi. Kowane mai shago nasa yake yabo. Wanne zan ɗauka?

Falamba Ɗan Zariya: Wa alaikumussalam. Makita. An gama magana.

Mai AC Kaduna: Daga sallama sai yanke hukunci? Haba Malam, ka bari a ji dalili mana.

Baba Birkila: Wa alaikumussalam ɗana. Ni dai ban yarda da abin batir a kan kankare ba. Kankare ba katako ba ne. Mai waya ka sa a janareta ka wuni kana aiki, ba ruwanka da ya mutu ko bai mutu ba. Bosch GBH 2-26 da Makita HR2470, duk wanda ya daɗe a wurin gini ya san su, kuma ko yau suka tsaya akwai mai gyara a kowane lungu. Kuɗin batir biyu na manyan kamfanonin nan kaɗai ya isa ya saya maka mai waya sabo.

Mai Sola Kano: Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai janaretan ne nake son rabuwa da shi. Mai haɗa wa mutane sola ya zo da janareta a bayan Keke Napep, har masu gida dariya suke min.

Mai Gyaran Injuna: To bari in fara da abin da ya sa ƙaramin naka yake ihu, don in ba ka gane wannan ba za a iya sake sayar maka da irinsa da sunan babba. Injin huda iri biyu ne. Naka faranti biyu ne masu haƙora a ciki suna gogar juna, su ke ba da wannan kar-kar-kar ɗin. Bugun yana da yawa amma ba shi da nauyi, kuma sai ka danna da ƙarfinka yake aiki. Ya isa bulon siminti da jan bulo, amma da ya ci karo da tsakuwa a cikin kankare shi ke nan. Wanda kake nema kuwa fistin ne a cikinsa, yana matsa iska, iskar ta cilla wani guntun ƙarfe ya daki gindin bakin hudar. Bugu ne na gaske. Shi ya sa ba a danna shi, riƙe shi kawai ake yi ya ci da kansa. Alamarsa ita ce bakin: ba a ɗaure shi da makulli, tura shi ake ya yi ƙas, kuma yana ɗan kai da komowa. Shi ne SDS-plus, gindinsa milimita 10, Bosch ne suka fito da tsarin a 1975, yanzu kowa shi yake bi. Don haka bakin Makita zai shiga Bosch, na Bosch zai shiga Ingco. Akwai babban wansa SDS-max mai gindi milimita 18, wannan na masu rushe gini ne da manyan ramuka, ba naka ba ne.

Mai AC Kaduna: Ka ji magana. Ni DeWalt DCH273 nake riƙe da shi, 20V. Ya fi waɗancan masu 18V ɗin ƙarfi tun daga lamba. Ƙafar AC a jikin fila, kafin yaro ya miƙo min bol na gama huji huɗu.

Mai Gyaran Injuna: Oga Mai AC, injinka mai kyau ne, amma zancen lambar nan ka ajiye shi. Buɗe batirin za ka tarar da ƙwayoyi biyar a jere, kowace 3.6V, ka ga 18 ke nan. In an cire shi daga caja yanzu-yanzu ba a ɗora masa aiki ba, kowace tana nuna 4, sai ya zama 20. DeWalt ɗin da ake rubuta wa 20V Max a Amurka, shi ne ake rubuta wa 18V XR a Turai. Abu ɗaya ne. Haka 20V na Ingco da Total. Lambar da za a duba a injin kankare ita ce ƙarfin bugu, wadda ake rubutawa da J. Naka 2.1J ne. Makita DHR242 yana da 2.0J. Bosch GBH 18V-26 yana da 2.6J, haka DeWalt DCH133. Mai wayar da Baba yake yabo, GBH 2-26, 2.7J ne. Kun ga ratar ba ta kai yadda ake zato ba.

Mai AC Kaduna: To ni dai a kwalina 20 aka rubuta 😂

Baba Birkila: Wato kana nufin mai batir ya kamo mai waya? Sai na gani da idona.

Mai Gyaran Injuna: A huji na 6 zuwa 14 ya kamo shi Baba, wallahi. Inda bai kamo shi ba shi ne sara. In za a wuni ana sarar bango don binne fayif, ko ɓamɓare tayil na gida guda, mai batir zai yi, amma za ka wuni kana canjin batir, ga zafi. Nan mai waya ne sarki.

Baba Birkila: Yawwa. Ashe dai ba ƙarya na yi ba.

Ɗan Tasha Mai Dish: Ni fa kuna ta kiran manyan sunaye, talaka kuma fa? Ingco nake amfani da shi, batir biyu da caja da akwati, duka kuɗinsu bai kai na jikin Makita shi kaɗai ba. Ina kafa dish da kyamara da shi kullum, bai taɓa ba ni kunya ba. Batirin Ingco ɗin nan mai suna P20S shi ne a fitilata, shi ne a injin yankan ƙarfena. In yaro ya yar da shi daga bene ba zan kwana ina hawan jini ba. Malam Mai Sola, kada a ruɗe ka da suna.

Falamba Ɗan Zariya: Dish huji nawa ne? Huɗu a bulo. Mutumin nan dekin yake hudawa, fanel goma sha biyu ƙafa nawa ke nan? Ka lissafa. Mai arha a hannun mai aikin yau da gobe, sau biyu zai saya.

Ɗan Tasha Mai Dish: Ko sau biyun ya saya bai kai kuɗin naka ba. Kuma ai kai ma Makitar taka ba mu san ko ta gaske ba ce.

Falamba Ɗan Zariya: Zo ka ɗaga ta ka ji.

Admin: A yi a hankali jama'a. Shawara aka nema, ba dambe ba.

Injiniya Maman Amira: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu, bari in sa baki ta ɓangaren ginin kansa, tunda mu ake kira in an yi ɓarna. Malam Mai Sola, dekin gidajen zama yawanci kaurinsa milimita 150 ne, kuma cikinsa ba kankare zalla ba ne: akwai rodi, akwai fayif ɗin wayar wuta da aka binne. Ko wane kamfani za ka saya, ka tabbata yana da abu biyu. Na farko sandar auna zurfi, ka saita ta, kada yaro ya zarce ya ɓullo ta silin ɗin mutane. Na biyu kulocin kariya. In baki ya cije a rodi, injin da ba shi da shi jikinsa ne zai juya, ya murɗe maka wuyan hannu, kuma kai a saman bene kake, wani lokaci a bakin gaɓa. Bosch GBH 18V-26 har da na'urar da ke kashe motar in ta ji injin ya fizge. Wannan a wurina ya fi ƙarin rabin J daraja. Kuma don Allah in kun haɗu da rodi ku matsa gefe ku sake huji. Na san akwai baki mai haƙora huɗu da ke iya cin ƙarfe, amma ba a sa rodin nan don ado ba, musamman a fila da bim.

Mai Sola Kano: Na gode Hajiya. Zancen murɗe hannu ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma in tambaya, a bulo ma da gudumar zan huda?

Injiniya Maman Amira: Ya danganta da bulon. Bulonmu mai rami, na inci 6 da na inci 9, fatarsa ba kauri, kuma ka san yadda wasu masu buga bulo ke yi wa siminti rowa. In ka sakar masa 2.6J, gaban zai yi kyau amma bayan ya ɓalle ciki, fisha, wato robar da ake cusawa a rami ta riƙe sukuru, ta rasa abin kamawa. Inbata mai nauyi ka rataye a kan wannan, wata rana a ƙasa za a same ta. Fara da juyi kawai, in ya ƙi sannan ka kunna bugu. A tayil kuwa kada ka kusanci bugu sai ka wuce shi. Shi ya sa nake cewa babban inji ba kullum ne alheri ba. Sannan ku riƙa hure ƙurar ramin kafin a sa bol, ramin da ke cike da gari ba ya riƙo. Da famfon hura iska, ba da baki ba. Ƙurar kankare tana da silika, tana taruwa a huhu, kuma cutar da take jawowa ba ta warkewa. Takunkumi na kirki ga yaranka, ba tsumma ba.

Ɗan Arewa a Ingila: Gaisuwa daga nan. A wuraren ginin da nake aiki, manyan kamfanoni Hilti suke bai wa ma'aikata, masu zaman kansu kuma da yawa Milwaukee M18 ko Makita ko DeWalt. In da kuɗi ni Hilti zan ce. Kamfanin ƙasar Liechtenstein ne, kankare shi ne sana'arsu. A hannu ba ya girgiza ka kamar sauran.

Mai Gyaran Injuna: Yallaɓai, a can in ya tsaya kamfani ke karɓa su gyara su dawo maka da shi. A nan in ya tsaya teburina zai zo, ni kuma in rasa kayan gyaransa, ya zauna yana shan ƙura. Wannan ita ce maganar da nake son Mai Sola ya riƙe. Inji kowane iri ne zai nemi gyara: robobin fistin suna cinyewa bugu ya ragu, ƙwallayen bakin suna lalacewa, makunni yana mutuwa. Kafin ka biya kuɗi, ka bar shagon mai sayarwa ka je layin masu gyara ka ce, wane ne in ya lalace kuke da kayansa a ƙasa? Abin da suka ce maka shi ne amsarka, ba abin da ke jikin kwali ba. A teburina kayan Bosch da Makita sun fi sauƙin samu, na Ingco da Total ma ana samu saboda sun cika kasuwa. A garinku wataƙila daban ne, shi ya sa na ce ka tambaya.

Ɗan Arewa a Ingila: Ban musa ba. To in ana so in taho da shi in na zo hutu fa?

Mai Gyaran Injuna: Daga Ingila ba matsala, wutarsu 230V ce kamar tamu. Amma ka kula, a wuraren gini na can akwai kayan 110V masu filogi rawaya, kada ka ɗauko irin cajar nan. Inda mutane suka fi ƙonewa kayan Amurka ne. Cajarsu ta 120V ce. Mutum ya sayi na hannu mai kyau, ya kai gida ya soka a bango, sai ƙara da hayaƙi. Batirin da injin ba ruwansu da ƙasar da aka saya, cajar ce kawai. A juya bayanta a karanta kafin a soka. In 120V ce, ko a nemi taransifoma mai rage wuta ko a sayi caja ta 220 zuwa 240.

Ɗan Arewa a Ingila: Kuma batir ba a sa shi a jakar da ake aunawa, sai ta hannu. Wanda bai wuce 100Wh ba ana barin sa, 18V mai 5Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) kuwa 90Wh ne, wato 18 sau 5, ya shiga. Manyan sai da izinin kamfanin jirgi.

Mai AC Kaduna: Ni tawa cajar da taransifoma nake amfani da ita tun da na saya. Nauyi ne kawai.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan abin da ya fi kashe muna batir rana ce. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, mutum ya aje batir bisa kwano ko cikin mota a rufe, ya ɗauko shi da zafi ya sa caja. Caja ta ƙwarai ba ta karɓa sai ya huce, tana ta ƙyafta wuta, sai mutum ya ce ta lalace. Ba ta lalace ba, kare maka dukiya take. Mai sauri ta Makita har fanka gare ta tana hura ma batirin iska. Ku aje su inuwa, cikin akwati, ba bisa dekin ba. Kano ma ai ba ta da sanyi.

Mai Sola Kano: Wallahi kuwa. Dekin da azahar ko takalmi ji yake. To batir nawa zan nema, kuma mai Ah nawa?

Falamba Ɗan Zariya: Biyu masu 5Ah, ko aƙalla 4Ah. Kada ka yarda da ƙananan 2Ah da ake haɗowa a akwati don farashi ya sauka. Mai 2Ah ƙwayoyi biyar ne layi ɗaya, mai 5Ah goma ne layi biyu, suna raba nauyin aikin, ba sa saurin zafi. Ɗaya yana aiki ɗaya yana caji. Kai da kake haɗa sola ma ai ka huta, da ka tayar da inbata ka soka cajarka. Kuma ka kula da harafin ƙarshen lamba. Makita in ka ga Z, kamar DHR242Z, jiki ne kawai, ba batir ba caja. DeWalt N ne ko B. Kada ka ga farashi ya faɗi ka ɗauka garaɓasa ce.

Mai Gyaran Injuna: Ɗan Zariya ya faɗi gaskiya a nan. In ƙara da cewa sayen injin batir kamar aure ne, ba amarya kaɗai ka ɗauko ba, har danginta. Batirin Makita ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga DeWalt. Gobe za ka so injin yankan ƙarfe, za ka so na ɗaure bol, duk sai ka bi gidan da batirinka yake. Ko a cikin gida ɗaya ma akwai ɓangare: Makita LXT 18V daban, XGT 40V daban, ba sa shiga juna. Bosch shuɗi na masu sana'a daban, kore na aikin gida daban. To ƙaramin naka na ɗaura sukuru wane kamfani ne?

Mai Sola Kano: Makita ne, LXT. Da batir ɗaya mai 3Ah, da cajarsa. Wurin dila na saya da rasit.

Mai Gyaran Injuna: To ai ka riga ka yi rabin zaɓen tun tuni ba ka sani ba. Kana da caja, kana da batir na ko-ta-kwana. DHR242 jiki kawai, da batir mai 5Ah ɗaya yanzu, na biyu in aiki ya biya. Ba shi da kabon da za ka riƙa canzawa, yana huda har milimita 24, yana da juyi kawai, juyi da bugu, da sara kawai. Hujinka bai wuce 12 ba, ya ishe ka har da saura. Da ba ka da komai a hannu, da na ce ka gwada Bosch ɗin saboda abin da Hajiya ta faɗa.

Falamba Ɗan Zariya: Me na ce tun farko? 😎

Mai AC Kaduna: Kai ka faɗa ne ba dalili, sa'a ka ci.

Ɗan Tasha Mai Dish: Ni har yanzu ina kan bakana. Da kuɗin jiki da batir ɗaya nasa zan sayi cikakken akwati har in yi cefane. Amma tunda yana da cajar, na sassauta. Sai dai ya yi hattara da jabu, don sunan da ya fi tsada shi aka fi kwaikwaya.

Kayan Aiki Sari da Sayarwa: Akwai injin huda 128V batir biyu, sabo dal, farashi mai rahusa, ana turawa ko'ina. A yi min magana ta akwatin sirri.

Mai Gyaran Injuna: Ga misali ya kawo kansa. Batirin da bai fi tafin hannu ba a ce 128V? Ƙwayoyi nawa ke nan a ciki? Duk inda kuka ga 88V, 128V, 198V a ƙaramin inji, fenti ne. An taɓa kawo min batir an rubuta 6Ah, na buɗe na tarar da ƙwayoyi biyar marasa suna da fanko a sauran wurin. Mai 5Ah na gaske ya haura rabin kilo, hannu ma yana ganewa.

Admin: Mai talla, dokar zaure ta hana. Na goge, in an sake sai waje.

Baba Birkila: To ɗana, in ka saya kada ka sayar da mai wayar. Ranar da za ka fasa rami babba a fila ko lintel don wuce da kebul za ka neme shi. Kuma ku yaran yanzu ba ku shafa wa gindin baki giris, kuna sa shi da ƙasa a jiki, sannan ku ce inji ba shi da ƙarko.

Injiniya Maman Amira: Baba, a fila kam kada ya fasa babban rami ko da wane inji ne, ya bi ta bulo. Amma zancen giris gaskiyarka ne. A ƙara da sayen baki mai kyau. Bakin da ya cinye yana rage faɗin rami, bol ya ƙi shiga, kuma yana shanye batir a banza.

Baba Birkila: Na karɓa, 'yata. Ku ne masu takarda.

Mai Sola Kano: Allah ya saka wa kowa da alheri. Gobe in Allah ya kai mu zan fara biyawa layin masu gyara in tambayi kayan DHR242, in akwai sai in wuce wurin dilan da na sayi na farko. Zan tafi da batirina in gwada a wurin, in ce su ba ni guntun kankare ba bulo ba. Mai wayar yana nan Baba, ba zan sayar ba. Oga Mai Gyara, zan turo maka hoton lambar jikin da ta batirin kafin in biya.

Mai Gyaran Injuna: Turo har da bayan batirin da cikin bakin. Kuma ka sa su rubuta lambar injin a jikin rasit.

Mai AC Kaduna: Tunda an taru, wa ya san inda zan sami cajar DeWalt ta 220 ta gaske a Kaduna? Na gaji da ɗaukar taransifomar nan.